Kafin Ka Biya Kafin Alƙalamin Gonar Inabi a Turkiyya

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina yawan zuwa Istanbul saro kaya. A zuwana na ƙarshe wani dillali ya nuna mini hotunan gonar inabi mai hekta 4 a yankin Manisa. Ya ce kamfaninsu ne zai riƙa nomawa yana aiko mini da riba duk shekara, kuma sayen zai taimaka mini wajen samun takardar zama. Wani abokina kuma ya ce gara in duba Faransa ko Afirka ta Kudu. Ina neman shawara kafin in sa kuɗina.

Amsa: Alhaji, a yadda ka bayyana wannan tayin, shawarata ita ce kada ka biya ko sisi tukuna. Ba wai noman inabi ba ya kawo kuɗi ba ne, yana kawowa, kuma Manisa na cikin wuraren da suka fi ko'ina iya shi a duniya. Matsalar ita ce duk abin da ke sa gonar inabi ta yi daraja ba ya fitowa a hoto: ruwan da take sha, shekarun itatuwan, hannun da ke datse su, da wanda zai sayi amfanin. Dillalin ya nuna maka ƙasa da ganye kore. Waɗannan huɗun kuwa har yanzu ba ka ga ko ɗaya ba.

Amma akwai tambayar da ta riga waɗannan, musamman ga Musulmi: wane irin inabi ne? Inabin duniya kashi uku ne a kasuwa. Akwai na ci ɗanye, akwai na busarwa a yi zabibi, akwai na matsewa a yi giya. Yawanci ba iri ɗaya ba ne, ba a kuma yi musu rumfa iri ɗaya. Na giya ƙanana ne, masu kaurin ɓawo da ƙwallaye, ba wanda zai saye su a kan tire. Yawancin gonakin da ake tallatawa baƙi a Faransa, Italiya da Sifen na giya ne, kuma farashinsu a kan sunan giyar yankin yake tsaye. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa da shi. Saboda haka wanda ya sayi irin wannan gona da niyyar sauya ta zuwa inabin ci, ya biya kuɗin sunan da ba zai amfana da shi ba, sannan ya tumɓuke itatuwa ya sake dashe, ya jira shekara 3 kafin ya ga amfanin kirki.

Faransa da abokinka ya ambata ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Hekta ɗaya a yankin Shamfen ta wuce Yuro miliyan 1, alhali hekta a gama-garin gonakin Bodo ba ta kai kashi 2 cikin 100 na wannan ba. Arahar tana da dalili: shan jan giya ya ragu, har a 2023 aka fito da shirin biyan manoman Bodo Yuro 6,000 a kowace hekta don su tumɓuke inabinsu. 'Yan kasuwar Sin da suka yi rububin sayen gidajen gona a can bayan 2010, da yawansu yanzu neman mai saye suke. Ga kuma hukumar SAFER, wadda doka ta ba ikon shiga gaban mai saye ta karɓe cinikin gona cikin wata 2 da sanar da ita. Ka cire Faransa daga lissafi. Masar da Maroko ma, duk da kyakkyawan inabin cin da suke fitarwa, dokokinsu sun hana baƙo mallakar ƙasar noma.

Mu dawo Manisa. Kwarin kogin Gediz, daga Turgutlu da Salihli zuwa Alashehir da Sarigol, shi ne gidan inabin Sultana marar ƙwallo, kuma daga nan mafi yawan zabibin da Turkiyya ke aikawa Turai yake fitowa, ta tashar jiragen ruwan Izmir. Wannan sana'a ce halal, tsohuwa, mai kasuwa. Sai dai ko a nan ka buɗe ido: wani kaso na inabin yankin, ɗanye da busasshe, masana'antun barasar raki da na giya ne ke saye, musamman wanda bai yi kyan fitarwa ba. Idan kamfani ne ke noma maka yana sayarwa ba ka nan, ba ka san inda amfanin gonarka ya tafi ba. Duk yarjejeniyar da za ka sa wa hannu dole a rubuta a ciki cewa ba za a sayar wa masu yin barasa ba, kuma a riƙa nuna maka rasit mai sunan mai saye.

Sai doka. Sashe na 35 na dokar rajistar filaye mai lamba 2644, wanda aka gyara a 2012, shi ne ya buɗe wa baƙi ƙofa. Baƙo ɗaya ba zai mallaki fiye da hekta 30 a faɗin ƙasar ba, kuma jimillar abin da baƙi suka mallaka a gunduma ba za ta wuce kashi 10 cikin 100 na filayen gundumar da ɗaiɗaikun mutane za su iya mallaka ba. Ba a sayarwa a yankunan soja. Wanda ya sayi filin da ba gini a kai, wajibi ne cikin shekara 2 ya miƙa wa ma'aikatar da abin ya shafa, a nan ma'aikatar gona ke nan, tsarin aikin da zai yi a filin; in bai miƙa ba ko bai aiwatar ba, hukuma na da ikon sa a sayar da filin. Sannan izinin ba ɗaya ba ne ga kowane fasfo. Akwai ƙasashen da 'yan ƙasarsu za su iya sayen gida ko shago amma ban da gona. Don haka matakin farko, tun kafin maganar farashi, shi ne lauyanka ya je ofishin rajistar filaye, wanda suke kira Tapu, da kwafin fasfonka, ya samo amsa a kan wannan gonar da kuma wannan fasfon. Na ce lauyanka, wato wanda kai ka nemo kuma kai kake biya. Lauyan da dillali ya kawo maka, dillalin yake yi wa aiki.

Batun takardar zama kuwa, a nan ne na fara zargin tayin. Izinin zama da ake samu ta hanyar mallakar kadara na gidan kwana ne, ba na gona ba. Tsarin zama ɗan ƙasa ta hanyar sayen kadara, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa Dala 400,000 a 2022, an ƙara tsaurara shi a ƙarshen 2023, yadda filin da babu gini a kansa ba ya shiga. Dillalin da ya haɗa maka gona da takardar zama a jimla ɗaya, ko dai bai san dokar ƙasarsa ba, ko kuma ya san kai ba ka sani ba.

Ga abin da za ka iya yi daga shagonka a Kano yau ɗin nan. Kowane fili a Turkiyya yana da lambobi biyu, ada da parsel, tare da sunan lardi, gunduma da unguwa. Ka ce dillali ya turo maka su. Hukumar rajistar filaye tana da shafin intanet na kyauta mai suna Parsel Sorgu. In ka shigar da lambobin, taswirar filin za ta fito da faɗinsa da kuma abin da aka rubuta shi a matsayinsa, gonar inabi ce ko fili ne kawai. Ka kwatanta da hotunan da aka nuna maka. Idan ya fara kame-kame wajen ba da lambobin, magana ta ƙare. Idan ya bayar, sai lauya ya ciro cikakken bayanin rajista don a ga ko akwai jinginar banki, ko umarnin kotu, ko hanyar wani da ta ratsa.

Abin da ya fi cin baƙi shi ne takardar mallaka ta tarayya. Dokar kare ƙasar noma mai lamba 5403 ta hana yayyanka gonaki ƙasa da wani ma'auni, shi ya sa gonakin gado da yawa suke da masu su biyar, goma, a takarda ɗaya. A irin wannan takarda ba a ba ka wani ɓangare da za ka nuna da yatsa ka ce nan ne nawa. Kaso ne kawai a cikin duka. Sauran masu tarayyar kuma suna da haƙƙin shuf'a, irin wanda ka sani a fiƙihu: za su iya zuwa kotu su biya kuɗin kason su karɓe kasonka, cikin wata 3 in an sanar da su ta hanyar da doka ta tsara, ko cikin wa'adin da ya fi haka tsawo in ba a sanar ba. Ka lura cewa kafin a gyara dokar a ƙarshen 2025, kuɗin da aka rubuta a rajista ne suke biya. Harajin canja suna kashi 4 cikin 100 ne na farashi, kuma an saba a ce wa mai saye a rubuta ƙaramin farashi don a rage haraji. A wancan lokacin, wanda ya yarda da haka a gonar tarayya, ranar da aka karɓe ta ƙaramin kuɗin nan ake mayar masa. Kamfanonin da ke cewa za su noma maka su aiko da riba, sau da yawa irin wannan kason suke sayarwa, ga mutum ɗari a gona ɗaya. Wasu ma ba kaso a rajista, sai takardar yarjejeniya tsakaninka da kamfani, wadda ba ta mallaka maka ko taku ɗaya na ƙasa. Turkawa da kansu sun sha wannan ɗacin a 2018, lokacin da Ciftlik Bank, wanda ya tara kuɗin dubban mutane da sunan kiwo da alkawarin riba mai tsoka, ya rushe mai shi ya gudu ƙasar waje. Mu ma ba mu manta da MMM a 2016 ba. Noma ba ya yin alkawarin riba tsayayya, don haka duk wanda ya yi maka shi a madadin noma, ka tambaye shi daga aljihun wa zai biya a shekarar da gona ba ta yi ba.

Kuma irin wannan shekarar tana zuwa. A 2023 ruwan bazara ya yi yawa, cutar fumfunar ganye ta kama gonakin Manisa, amfani ya faɗi sosai. A watan Afrilun 2025 wani matsanancin sanyi ya sauka dare biyu zuwa uku bayan inabi ya riga ya yi toho, ya ƙone tohon a gonaki masu ɗimbin yawa. Tohon nan shi ne amfanin shekara. In ya ƙone, sai dai a ci gaba da kashe kuɗin feshi da ban-ruwa don itacen ya rayu zuwa baɗi. Ƙanƙara ma tana yin ɓarnar shekara cikin minti 10. Akwai inshorar gona ta TARSIM wadda gwamnati ke biyan wani babban kaso na kuɗinta, amma sai gonar tana cikin rajistar manoma da sunan mai noma ta. Ka tambaya sunan wa ke kan wannan rajistar, domin shi za a biya diyya, shi kuma ke karɓar tallafi.

Yanzu ga abin da za ka duba in ka taka gonar da ƙafarka, kuma lalle ka taka, sau biyu: cikin hunturu lokacin datsa, da ƙarshen Agusta lokacin girbi. Cikin hunturu ba ganye, itacen tsirara yake, ba abin da zai ɓoye. Ka bi layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe kana ƙirga gurbin da itace ya mutu ba a maye shi ba. Ka duba kaurin gindi da tsagewar ɓawo, ka sa wanda ya sani ya yanka tsohon reshe: in cikinsa fari ne tas, lafiya, in akwai baƙi-baƙi ko ruɓa, cutar itace ta shiga, kuma ba ta da magani sai sauyawa. Ka tambayi shekarar dashe da irin gindin da aka aura masa, domin tun bayan da ƙwaron filoksera ya cinye gonakin Turai a ƙarni na 19, a kan saiwar inabin Amurka ake aurar da kusan duk inabin kasuwa, kuma kowace saiwa da irin ƙasar da take so. Gonar da ta haura shekara 25 tana gangarowa ne, ko da ganyenta ya yi kyau a hoto. Farashinta ya kamata ya zama na filin kawai, a cire kuɗin tumɓukewa, da sabuwar dirka da waya, da shekara 3 zuwa 4 na jira.

Ruwa shi ne rabin kuɗin gonar. A Manisa watannin Yuli da Agusta kusan ba ruwan sama, rijiyar burtsatse da madatsar ruwa ake dogaro da su. Rijiya sai da lasisin hukumar ruwa ta DSI, kuma akwai rijiyoyi marasa lasisi da yawa. Ka ga takardar da idonka, ka tambayi zurfin rijiyar da ko an taɓa ƙara mata zurfi, ka karɓi takardun kuɗin lantarki na famfon na watannin Yuli da Agusta. Sannan ka ɗebi ruwan a gora ka kai ɗakin gwaji. A wajen Alashehir akwai tashoshin lantarki masu aiki da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa, manoma sun daɗe suna kuka da sinadarin boron a ruwa, shi kuwa inabi ba ya jure masa. In ya yi yawa, gefen ganye ne ke fara ƙonewa.

Lokacin girbi kuma za ka ga inda kuɗin yake fita da inda yake shiga. Ana yanko nonon inabin da hannu, a tsoma shi a ruwan da aka haɗa da kanwar fotash da ɗan man zaitun don ɓawon ya saki ruwa da wuri, a shanya a ƙasa kan leda ko a kan waya kamar mako ɗaya zuwa kwana 10. A waɗannan kwanakin manomi ba ya barci sosai, idonsa na sama, domin ruwa ɗaya in ya sauka kan shanya zabibin ya yi duhu, darajarsa ta sauka. Da launi ake ba shi lamba, 7, 8, 9, 10, mai haske ya fi tsada, kuma a kan lamba 9 aka fi faɗin farashi. Kusan kilo 4 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe. Ka yi lissafi da kanka: a ce hekta ta ba da tan 20 na ɗanye, tan 5 ke nan na zabibi, hekta 4 tan 20. Ka ninka da farashin da kasuwar amfanin gona ta Izmir ko TMO, hukumar gwamnati mai sayen amfanin gona, ta sanar a wannan shekarar, ka cire kuɗin datsa, feshi, taki, lantarki, leburori, da kason kamfanin. Abin da ya rage ka raba da kuɗin gonar. A irin wannan faɗin, iyalin da ke noma da hannunsu ne ke samun rufin asiri, saboda ladan aikinsu yana cikin ribar. Kai da za ka biya kowane hannu, har da na mai lura da masu aikin, abin da zai iso Kano kaɗan ne.

Kuma da Lira za a biya ka. A farkon 2018 Dala ɗaya ba ta kai Lira 4 ba, a farkon 2024 ta haura 30, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 80 cikin 100 a 2022. Kai ka san abin da Naira ta yi tun Yunin 2023, ba sai na faɗa maka ba. Wajen shigar da kuɗin ma, tun 2022 dole baƙo ya canja kuɗin wajensa ta banki a ba shi shaidar canji kafin a yi masa rajista. Kada ka bi hanyar da aka saba a fatauci, ka ba wani Naira a Wapa wani ya miƙa Dala a unguwar Laleli ta Istanbul. Kuɗin da ba su shiga ta banki da sunanka ba, ranar fitar da su za ka sha wuya.

Akwai abin da kusan ba mai tambayata a kai, alhali ya fi damuna: gado. Kadarar da ba ta motsi a Turkiyya dokar gadon Turkiyya ce ke hukunci a kanta, ko mamacin ɗan wace ƙasa ne. A dokarsu rabon ɗa namiji da 'ya mace ɗaya ne, matar mamaci na da kashi ɗaya cikin huɗu in akwai 'ya'ya, kuma tsarinsu bai san aure fiye da ɗaya ba. Mai mata biyu ko uku da 'ya'ya da yawa, ya bar musu gonar da ba ta yankuwa, a ƙasar da ba sa jin harshenta, ƙarƙashin rabon da ya saɓa wa wanda alƙalin Kano zai yi, wahala ya bar musu. Ka zauna da lauya da malami a kan wannan tun kafin saye. Ka kuma sa zakka a lissafi: in zabibin ya kai nisabi, rabin ushiri ne a gonar da ake wa ban-ruwa da inji.

Afirka ta Kudu ta fi sauƙi ta wasu fuskoki. Baƙo na iya mallakar gona, takardunsu da Ingilishi ne, kuma mutum na da 'yancin rubuta wasiyya cewa a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci. Inabin cinsu na kwarin kogin Hex da na gaɓar kogin Orange wajen Upington da Kakamas yana isa Turai daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da Turai ba ta da nata. Amma wannan noma ne na manyan gonaki masu ɗakin sanyi da wurin shirya kaya a kwali da ɗaruruwan leburori. Tun dokar ruwa ta 1998 ruwa na hannun gwamnati, haƙƙin amfani da shi sai an tantance shi daban da takardar gona. Dole a bincika ko akwai masu da'awar filin a ƙarƙashin dokar mayar da filaye ta 1994, a kuma san iyalan ma'aikata da ke zaune a gonar, waɗanda dokar 1997 ta kare daga kora. Hekta 4 ba ta da wurin zama a wannan kasuwar.

Da ni ne kai, da kwastoma zan fara zama kafin mai gona. Sana'arka saye da sayarwa ce, ƙarfinka ke nan. Ka je Manisa a watan Satumba, awa ɗaya ce ko ƙasa da haka daga Izmir a mota, ka shiga masana'antun da ke wankewa da tace zabibi, ka sayi kwantena ɗaya, ka yi rajistar NAFDAC, ka gwada kasuwar masu biredi da kek da ta watan azumi. Kaka biyu kana wannan za ka san manoma da sunansu, ka san gonar da ruwanta ke da kyau, ka ji farashin dekar, wato kashi ɗaya cikin goma na hekta, daga bakin maƙwabta ba daga bakin dillalin Istanbul ba. In har lokacin zuciyarka na kan gona, ka fara da haya ko haɗin gwiwa da manomin da ka sani, da ɗanka ko ƙaninka zaune a can yana koyon harshe da datsa.

In kuma itacen inabin kansa ne ya shiga ranka, ka tuna ana noma shi a Kudan da Hunkuyi ta jihar Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa 3 daga shagonka ba, kuma inabin da ake shigowa da shi daga Afirka ta Kudu da Masar yana sayuwa da tsada a manyan kantuna da kasuwar 'Yan Lemo. Abin da ya fi ƙaranci a wannan harka a gida shi ne ingantaccen iri marar ƙwallo, ban-ruwa na ɗigo, da ɗakin sanyi da motar sanyi da za su riƙe amfanin bayan girbi. Kuɗin hekta 4 a Manisa zai yi nisa a waɗannan. Ka turo mini lambobin ada da parsel in dillalin ya ba ka, tare da kwafin yarjejeniyar da yake so ka sa wa hannu, sai mu duba ko gona ake sayar maka ko kaso a takarda.